Ƙaho, Agara da Gam: Nazarin Fasahar Haɗa Baka Mai Kunama a Turai, Ƙarni na 12 zuwa na 15

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin yadda masu sana'a a Turai suka riƙa haɗa baka mai kunama da ƙahon dabbobi, da agara, da gam ɗin fata ko na kifi, da ɓawon itace, daga ƙarshen ƙarni na 12 zuwa ƙarshen ƙarni na 15. An dogara ga rubuce-rubucen masana tarihin makamai da bayanan kayayyakin da ke ajiye a gidajen adana kayan tarihi. Maƙalar ta bi aikin daki-daki, tun daga zaɓen ƙaho har zuwa ɗaura tsarkiya, tana bayyana dalilin da ya sa aka aza kowane abu a inda aka aza shi. Abin da nazarin ya gano shi ne, duk da cewa da ƙaho aka san wannan makami, gam da tsawon lokacin bushewa su ne suka riƙe sana'ar. Su ne suka yanke tsadar makamin, da ƙasashen da suka karɓe shi, da kuma dalilin da ya sa bakan ƙarfe ya ture shi daga baya.

1.0 Gabatarwa

A gidan adana kayan tarihi na Metropolitan da ke birnin New York akwai wani baka mai kunama da aka rubuta wa shekarar 1460 a jikinsa. An yi shi ne domin Ulrich na Biyar, basaraken yankin Württemberg a ƙasar Jamus. A gidan dai akwai wani na shekarar 1489, mallakar Matthias Corvinus, sarkin Hangari. Wanda ya tsaya gabansu zai fara ganin ado: zane-zane, da rubutu, da fararen faifan ƙashi da aka lulluɓe ƙota da su. Ainihin abin da ke harba kibiyar kuwa yana ɓoye ƙarƙashin ɓawon itace, ido ba ya kai gare shi. A can ciki akwai yankakkun ƙahoni da aka manne wuri guda, da tarin agara da aka shimfiɗa a kansu sala-sala.

Duk waɗannan kaya ne da mahauci ke turewa gefe bayan ya gama fiɗa. Yadda aka yi suka zama makamin da ke huda sulke, shi ne abin da wannan maƙala ta sa gaba. Tambayoyi uku ne za su ja ragamar bayanin. Me ya sa aka zaɓi ƙaho da agara alhali ga itace a wadace? Wane mataki ne a cikin aikin ya fi ɗaukar nauyi? Sannan me ya sa fasahar da ta yi tashe na kusan shekara 300 ta ja da baya?

Masana sun daɗe suna bibiyar batun. Baron de Cosson ya buga nazarinsa kan bakan Ulrich da yadda aka gina shi a 1893. Ralph Payne-Gallwey ya fitar da babban littafinsa kan wannan makami a 1903. Daga baya Josef Alm na Suwidin, da Egon Harmuth, da Holger Richter, wanda ya keɓe littafi guda ga bakan ƙaho a 2006, da Dirk Breiding a 2013, kowa ya ƙara nasa. Galibin waɗannan ayyuka sun karkata ga tantance shekaru da fasali da ado. Wannan maƙala ta fi mai da hankali ga ɗabi'ar kayan haɗin su kansu.

2.0 Fayyace Kalmomi

Bahaushe ya san kwari da baka, ya san tsarkiya da kibiya da dafi. Irin bakan da ake magana a kai a nan ba ya cikin kayan yaƙinsa, don haka sai an tanadi kalmomi. A wannan maƙala, "baka mai kunama" na nufin gajeren baka mai kauri da aka gicciya a kan wani dogon itace, ana ja tsarkiyarsa a maƙale ta, ta zauna a ɗane har sai an danna kunama, kamar dai yadda ake danna kunamar bindiga. Dogon itacen shi za a kira "ƙota". Ɗan mulmulallen abin da ke juyawa cikin ƙota yana riƙe tsarkiya, shi ne "mariƙi". Zoben ƙarfen da ke goshin makamin, inda ake zura ƙafa a taka yayin ɗanawa, shi ne "likkafa", kuma haka Turawa da kansu suka kira shi saboda kamarsa da ta sirdi.

Akwai kuma kalmomi biyu da za su yi ta maimaituwa. "Bayan baka" shi ne gefen da ke fuskantar abin da za a harba. "Cikin baka" shi ne gefen da ke fuskantar maharbi. Fahimtar bambancin aikin waɗannan gefuna biyu ita ce mabuɗin duk abin da zai biyo baya.

3.0 Mahaɗar Al'adu Biyu

Baka mai kunama ya girmi Turan tsakiyar zamani nesa ba kusa ba. A ƙasar Sin an riƙa ƙera kunamarsa da tagulla ƙarnoni kafin haihuwar Annabi Isa (AS), kuma an tono irin waɗannan kunamu da yawa a ramukan sojojin yumɓu na sarki Qin Shi Huang, wanda ya mutu a shekara ta 210 kafin miladiyya, ramukan da aka gano a 1974 kusa da birnin Xi'an. Girkawa ma sun san wani nau'insa da ake ɗanawa da tura ciki, wanda Heron na Iskandariyya ya bayyana a ƙarni na farko na miladiyya.

A yammacin Turai makamin ya bunƙasa a ƙarni na 11 da na 12, amma bakansa na itace ne zalla. Gimbiyar Rumawan Gabas, Anna Komnene, da ta rubuta tarihin mahaifinta, ta bayyana shi a matsayin baƙon makami da mayaƙan Salibiyya na farko suka zo da shi. A 1139 taron malaman coci na Lateran na biyu, ƙarƙashin Paparoma Innocent na Biyu, ya haramta amfani da shi a kan Kiristoci. Haramcin bai yi tasiri ba. Shekara 60 bayan haka, a 1199, kibiyar irin wannan baka ce ta yi ajalin sarkin Ingila Richard na Ɗaya a gaban ganuwar Châlus a Faransa.

Ita kuwa dabarar haɗa ƙaho da agara da itace a yi baka, tsohuwar sana'ar Asiya ce da Gabas ta Tsakiya. Wani tsohon littafin sana'o'i na Sin mai suna Kaogongji ya lissafa kaya shida na yin baka, wato itace, ƙaho, agara, gam, siliki da fenti, ya kuma raba aikin bisa lokutan shekara. A duniyar Musulmi, Mardi ibn Ali al-Tarsusi ya rubuta wa Salahuddin al-Ayyubi littafi kan makamai wajajen 1187, inda ya ambaci nau'o'in baka mai kunama, har da wanda Larabawa ke kira bakan ƙafa, da wani ƙato da ake girkewa don kare ganuwa.

A wannan zamani na cuɗanya tsakanin Gabas da Yamma ne bakan ƙaho ya fara hawa kan ƙotar Turawa. Takardun fadar Ingila na 1205, zamanin sarki John, sun ambaci wani mai haɗa baka mai kunama da ake kira Peter Saracen. Saracen laƙabi ne da Turawan lokacin ke yi wa Musulmi, don haka sunan tamkar a ce Bitrus Balarabe ne. Suna kaɗai ba ya zama hujja yankakkiya, amma masana da dama suna ɗaukarsa a matsayin manuniya ga hanyar da fasahar ta biyo. Ko ma ta ina ta shiga, cikin ƙarni na 13 takardun ma'ajiyar makamai a Turai sun riga sun fara bambanta bakunan itace da bakunan ƙaho, kuma na ƙaho sun fi tsada.

4.0 Kayan Haɗi da Ɗabi'arsu

4.1 Matsalar itace

Duk sandar da aka tanƙwara, abu biyu ne ke faruwa da ita a lokaci guda: bayanta yana miƙewa, cikinta yana matsewa. Itace yana jure duka biyun, amma kaɗan. Idan aka wuce iyakarsa, ko dai zaren bayansa ya tsinke, ko cikinsa ya murƙushe. Mai dogon baka yana kauce wa wannan ta hanyar tsawo, domin tanƙwarar ta bazu a kan sanda mai tsayin mutum. Shi kuwa baka mai kunama dole ya zama gajere, bai kai mita guda ba, don a iya ɗaukarsa a kan doki ko a leƙa da shi ta tagar ganuwa. Kuma tazarar da tsarkiyarsa ke tafiya da kibiya ba ta fi taƙi guda ba, alhali ta dogon baka ta haura kamu. Abin da aka rasa a tazara sai a rama shi da ƙarfi. Gajeren itace mai kauri kuwa ba ya tanƙwaruwa sosai, karyewa yake yi. A nan ƙaho da agara suka shigo.

4.2 Ƙaho

Ƙahon akuya da na rago da na ɓauna, asalinsu ɗaya da farce da gashi da kofato. Ɗabi'arsa ita ce jure matsi sannan ya koma yadda yake. Edward McEwen da Robert Miller da Christopher Bergman, a nazarinsu na 1991, sun nuna cewa juriyar ƙaho ga matsi ta kai kusan ninki biyu na ta itace mai tauri. Don haka mazauninsa cikin baka ne. Masu sana'ar Turai sun fi amfani da ƙahon bunsuru da na akuyar dutse, yayin da na Asiya suka fi samun na ɓaunar ruwa. Wani alherin ƙaho shi ne yana laushi idan ya ji zafi, a miƙar da shi, in ya huce ya tsaya a haka.

Wajibi ne a bambanta shi da ƙahon barewar Turai mai rassa. Wannan ƙashi ne, ba ya tanƙwaruwa, don haka ba ya shiga jikin baka. Amfaninsa yana wajen mariƙi da adon ƙota.

4.3 Agara

Agara, wato jijiyar da ke haɗa tsoka da ƙashi, kishiyar ƙaho ce. Matsi ba ya yi mata amfani, amma tana jure ja, tana miƙewa ta dawo. Nazarin da aka ambata ya ƙiyasta juriyarta ga ja da kusan ninki huɗu na itacen baka. Ana samo ta daga ƙafafu da gadon bayan shanu da barewa. Tana da wata ɗabi'a ta biyu da ta fi ta farko muhimmanci ga mai sana'a: idan aka shimfiɗa ta a jiƙe, tana tsukewa yayin da take bushewa. Wannan tsukewa tana janyo kunnuwan baka su karkata gaba, ta yadda tun kafin a ɗaura tsarkiya, bakan ya riga ya tara ƙarfi a jikinsa.

4.4 Gam

Gam ɗin da ake magana ba irin ƙaron bishiya ba ne. Ana samunsa ta hanyar dafa guntayen fata ko ragowar agara a ruwa mai zafi na tsawon sa'o'i, har sinadarin da ke cikinsu ya narke. Mafi daraja shi ne wanda ake yi da jakar iskar da ke cikin wani babban kifi mai suna sitajin. Ba a barin gam ya tafasa. Ana riƙe zafinsa wajajen digiri 60 a ma'aunin Salshiyos, domin tafasa tana kashe ƙarfinsa.

Abin lura a nan shi ne, gam da agara 'yan gida ɗaya ne, sinadarinsu guda. Shi ya sa idan sun bushe tare suke zama abu ɗaya, ba a gane inda wannan ya tsaya wancan ya fara, kuma gam ɗin yana miƙewa tare da agarar ba ya tsagewa. Sai dai sun yi tarayya a rauni ma: duka biyun suna shan danshi daga iska, su yi laushi.

4.5 Sauran kaya

Ɓawon bishiyar betula, wata bishiyar ƙasashen sanyi mai farin ɓawo siriri kamar takarda, shi ne rigar baka, domin ruwa ba ya ratsa shi. Ƙota daga itace mai tauri ake sassaƙa ta. Tsarkiya kuwa daga zaren lilin ne, ko na wani tsiro mai ɓawo irin na rama. Ƙarfe kaɗan ne a jikin makamin: kunama, da likkafa, da ɗan guntun da ake dasawa a mariƙi.

5.0 Matakan Haɗawa

5.1 Gina zuciyar baka

A nan ne bakan Turai ya rabu da ɗan'uwansa na Asiya. Bakan hannu na Turkawa ko Farisawa yana da siririn itace a tsakiya, falle ɗaya na ƙaho a kowane reshe ta ciki, agara a baya. Baka mai kunama yana buƙatar kaurin da ƙaho guda ba zai bayar ba. Saboda haka a nau'in da ya yi fice a tsakiyar Turai a ƙarni na 15, sai aka gina zuciyar bakan da ƙahoni da yawa.

Ana yanka ƙaho da zarto a tsaye, a fitar da dogayen faifai. A gasa su ko a tsoma su a ruwan zafi, a danne su har su miƙe. Daga nan a kawo wani makankari mai haƙora, a ja shi a fuskar kowane faifai ya bar layukan kwari da tudu a jere. Idan aka haɗa faifai biyu, tudun wannan ya faɗa kwarin wancan. Hikimar nan biyu ce: fuskar da gam zai kama ta ƙaru, kuma faifan ba za su zame wa juna ba idan baka ya tanƙwaru. Ƙaho abu ne mai santsi da maiƙo, ba ya karɓar gam da sauƙi, don haka ana wanke shi, a shafa masa tsararren gam sau da yawa, kowane shafi ya bushe kafin na gaba. Sai bayan haka a manne faifan, ana sassaɓa mahaɗarsu kada biyu su faɗo wuri ɗaya, a ɗaure tam da igiya, a ajiye. Idan ya bushe, a sa magagari a fitar da siffa: kauri a tsakiya, sirancewa zuwa kunnuwa.

5.2 Shimfiɗa agara

Busasshiyar agara tauri gare ta kamar ƙirgi. Ana dukanta da guduma a kan itace har ta farfashe ta yi fari, a tsattsage ta da hannu zuwa zare, a taje, a ware dogaye daban gajeru daban. Wannan aiki kaɗai yana cin kwanaki, domin kaso mai yawa na kaurin bakan agara ce.

Mai sana'a zai ɗauki ɗan dami, ya tsoma a gam mai ɗumi, ya matse rarar da yatsu, ya shimfiɗa a bayan baka, ya lailaye. Dami na gaba zai hau kan rabin na farko, kamar yadda magini ke sassaɓa tubali. Idan sala ɗaya ta kammala, sai a dakata. Ba a ɗora ta biyu sai ta farko ta bushe, kuma bushewar nan makonni take ɗauka. Wanda ya yi gaggawa ya tara sala a kan sala, waje zai bushe ya rufe danshi a ciki, bakan ya fito da rauni ko ya murɗe. Wanda kuma ya kai shi kusa da wuta don ya rage kwanaki, gam zai tsage. Sauri ya haifi nawa ke nan. Jimillar jiran, daga manne ƙaho zuwa bushewar sala ta ƙarshe, watanni ne masu yawa, a manyan bakuna har ya kai shekara ko ya wuce.

5.3 Daidaitawa da sutura

Bayan bushewa ana ɗora bakan a kan benci, a ja shi kaɗan-kaɗan ana duban rassan biyu. Dole su tanƙwaru daidai wa daida. Idan ɗaya ya fi ɗaya ƙarfi, tsarkiya za ta ja kibiya gefe. Gyaran ana yinsa da ɗumama reshen da ya yi tauri, ko kankare shi kaɗan, ko ƙara wa ɗan'uwansa agara, wanda ke nufin sabon jira. Idan ya daidaita, sai a lulluɓe shi da ɓawon betula, a kan buga masa ado na ɗige-ɗige baƙi da fari, a shafe da mai ko fenti.

5.4 Ƙota, mariƙi da tsarkiya

Ana yanka baki a goshin ƙota inda baka zai zauna, a ɗan kishingiɗe shi yadda tsarkiya ba za ta danne saman ƙota da yawa ba, domin gogayya tana cin ƙarfin harbi. Ba a huda bakan ƙaho da ƙusa. Ɗaure shi ake yi da igiya mai yawan zagaye, ta ratsa wani rami a jikin ƙota, ta haɗa har da likkafa. Ɗaurin igiya yana da ɗan sassauci da ke shanye girgizar harbi.

Mariƙi daga gindin ƙahon barewa ake fafe shi, inda ƙashin ya fi tauri. Yana da yatsu biyu a sama da ke riƙe tsarkiya, gindin kibiya na shiga tsakaninsu. A ƙasansa akwai ɗan tsagi da aka ƙarfafa da ƙarfe, inda bakin kunama ke tokarewa. Da an matsa doguwar kunamar zuwa jikin ƙota, bakinta ya sauka, mariƙi ya juya, tsarkiya ta kuɓuce. Tsarkiyar kanta zare ne siriri da aka zagaya sau da yawa tsakanin turaku biyu har ya yi kaurin yatsa, a naɗe tsakiyarsa da kunnuwansa, a shafe da kakin zuma.

Ƙarfin baka shi ke yanke yadda za a ɗana shi. Masu sauƙi ana taka likkafa, a maƙala ƙugiyar da ke rataye a ɗamara, a miƙe tsaye. Masu matsakaicin ƙarfi ana amfani da wani maɗauki da Turawa ke kira ƙafar akuya. Manyan na ƙarni na 15, waɗanda nauyin jansu ya kai ɗaruruwan kilo, sai da na'urar ƙarfe mai haƙora da ake juyawa da hannu.

6.0 Lokaci, Yanayi da Shigowar Ƙarfe

Daga bayanin da ya gabata za a ga cewa sa'o'in da hannu ke aiki kaɗan ne idan aka gwada da watannin da baka ke kwance yana bushewa. Wannan ya haifar da sakamako uku.

Na farko, sana'ar ta zama ta masu jari da tsari. Wanda zai sayi ƙaho da agara da gam ɗin kifi yau, ya jira shekara kafin ya ga kuɗinsa, dole ya kasance yana da bakuna da yawa a matakai daban-daban, ko kuma wata hukuma tana ɗauke da shi. Misali mafi bayyana shi ne ƙungiyar mayaƙan Tutonik a yankin Prussia. Sven Ekdahl ya nuna daga littattafan lissafinsu cewa suna da ɗakunan sana'a na musamman a manyan gidajensu, ciki har da hedikwatarsu ta Marienburg, wadda yanzu ake kira Malbork a ƙasar Foland, inda ake tara ƙahonin bunsuru da agara da gam ɗin kifi da ɓawon betula, kuma ma'ajiyoyinsu na ɗauke da dubban bakuna a farkon ƙarni na 15. Ba a fara haɗa irin wannan makami ranar da aka buga tambarin yaƙi.

Na biyu, makamin ya zama bawan yanayi. Sanyi da bushewar iska suna ƙara masa ƙarfi, danshi da zafi suna sassauta shi. Labarin yaƙin Crécy na 26 ga Agusta 1346 ya shahara a wannan babi: wasu marubutan zamanin sun ce ruwan sama ya jiƙa tsarkiyoyin maharban birnin Janowa da ke yi wa Faransa yaƙi. Masana tarihi sun saɓa kan girman tasirin ruwan, domin maharban sun shiga fage a gajiye, kuma an baro manyan garkuwoyinsu a baya cikin kaya. Amma yadda marubutan suka yi saurin ɗora laifi a kan ruwa ya nuna cewa tsoron danshi sananne ne ga mutanen lokacin.

Na uku, da maƙera suka iya sarrafa ƙarfe mai tanƙwaruwa ya dawo, sai bakan ƙarfe ya fara yaɗuwa, ya kuma mamaye fage a cikin ƙarni na 15. Ƙarfe ya fi nauyi, kuma wani kaso na ƙarfinsa yana tafiya wajen motsa rassansa masu nauyi. Fifikonsa yana wani wuri: ana gama shi cikin kwanaki, ruwa ba ya narkar da shi, kuma ana iya ajiye shi shekaru. Duk da haka bai ci nasara lokaci guda ba. Ƙarfen zamanin yakan karye cikin tsananin sanyi, ya raunata mai riƙe da shi, shi ya sa a tsakiya da arewacin Turai aka ci gaba da riƙon bakan ƙaho har ƙarshen ƙarnin. Bakunan Ulrich da Matthias Corvinus shaida ne: sarakunan da ke da halin sayen kowane iri, na ƙaho aka yi musu.

7.0 Waiwaye Zuwa Afirka

Afirka ma ta san baka mai kunama. Paul du Chaillu, a littafinsa na 1861, ya bayyana wanda ya gani a hannun al'ummar Fang, waɗanda ke zaune a Gabon da kudancin Kamaru da Ikwatoriyal Gini. Henry Balfour na gidan tarihin Pitt Rivers a Oxford ya yi nazarin waɗannan bakuna, yana ganin cewa daga Turawan da ke zuwa gaɓar teku aka samo dabarar. Bakan Fang na itace ne, ƙotarsa tsagaggiya ce, babu ƙaho babu gam. Kibiyarsa 'yar siririya ce marar nauyi, dafi ne ke yin kisan. A dajin da iska ke cike da danshi shekara zagaye, bakan da gam ke riƙe da shi ba zai yi ƙarko ba, kuma mai dafi ba ya buƙatar ɗaruruwan kilo.

Irin wannan lissafi ne a ƙasar Hausa. 'Yan baka sun kasance ginshiƙin dakarun ƙasa, kuma rawar da suka taka a yaƙin Tabkin Kwatto na 1804 a gaban dawakin Gobir sananniya ce. Bakansu na hannu ne, ƙarfinsa yana ga dafin da ake haɗawa da tsiro irin su kwankwani. Turawa sun amsa matsalar sulke da ƙara wa baka ƙarfi, a nan kuwa an ƙara wa tsinin kibiya.

8.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa bakan ƙaho mai kunama ya samu ne daga haɗuwar ƙotar Turai da dabarar Gabas ta manne ƙaho da agara. An aza ƙaho a inda ake matsi, agara a inda ake ja, ɓawo a inda ruwa ke dukan baka. Abin da ya mai da su jiki ɗaya shi ne gam, gam kuwa ba ya kamawa sai an ba shi watanninsa, kuma ba ya riƙewa sai iska ta yarda. Daga nan tsadar makamin ta fito, daga nan iyakar ƙasashensa ta fito, kuma ta wannan ƙofa ƙarfe ya shigo.

Akwai abin da masu nazarin sana'o'inmu na gargajiya za su ɗauka a nan. Idan an je wurin majemi ko baduku ko masassaƙi, an saba tambayar kayan aiki da sunayensu da yadda ake riƙe su. Ya kamata a ƙara da tambayar kwana nawa abu ke jiƙe, a wane wata ake shanya shi, da abin da ake bari sai hunturu ya shigo. Littattafan Marienburg sun adana mana jerin kayan da aka saya, gidajen tarihi sun adana bakunan da aka gama. Abin da ke tsakanin biyun, wato sanin ranar da agara ta bushe har a ɗora wata, yana hannun masu sana'ar ne, kuma masu farfaɗo da ita a yau da gwaji suke sake nemo shi.